Muryar Inna da Katangar Baba

Ni aka ɗora wa sayen lasifikar, ba don na san kan na'ura ba, sai don ina koyarwa a firamare a Daura, kuma a wajen mutanenmu na Sandamu in dai kana riƙe alli to har gyaran rediyo ka iya. Matan makarantar islamiyyar garinmu suka yi karo-karo, Malamarsu ta ƙulle abin da aka samu a leda ta miƙo mini.

"Ga shi nan, ba shi da yawa," in ji ta. "Ki samo mana wadda za a ji a ciki, amma kada a ji a waje."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce to. Sai da mota ta ɗauki hanyar Daura na fara juya maganar a raina, na ga ashe na amsa sayen abin da ban taɓa jin ana sayarwa ba. Lasifika ai don a ji daga nesa aka yi ta. Tun daga nan gabana ya fara faɗuwa. An ce faɗuwar gaba asarar namiji, to ni mace ce, sai na bar shi ya yi ta faɗuwa abinsa.

Ga yadda abin ya samo asali. Bayan zuwan shari'a kiɗan biki ya ja baya a wajenmu, walima da wa'azi suka maye gurbinsa, matan aure kuma suka yi ta komawa karatu, har da masu furfura. Makarantar da nake magana a kai ta fara ne a wani gida kusa da bakin kasuwa. Ranar walimarsu ta farko suka aro lasifikar masallaci, irin mai faffaɗan bakin nan, aka ɗaure ta a reshen darbejiya. Malama ta buɗe baki tana yi wa mata bayanin tsarki da wanka da sauran abin da mata ke faɗa a tsakaninsu, ba ta san mahauta da masu shayi duk sun kasa kunne ba. Aka kwana biyu samari na kwaikwayon muryarta a majalisa. Mai gidan ya ji kunya ta ishe shi, ya ce a kwashe tabarmi a bar masa gida.

Babanmu ne ya karɓi makarantar. Akwai wani fili a bayan gidanmu inda yake ɗaure shanu a da, katangar ƙasa ta kewaye shi, gefe guda yana kallon titi, ɗaya gefen kuma yana jingine da shagon da Baba ke hutawa, wato ɗakinsa na waje. Ya ba su filin, ya fasa masu ƙofa ta baya, amma ya kafa sharaɗi a gaban Malama.

"Ranar da na ji muryar mace a lasifika daga bakin titi, ranar makaranta ta bar gidan nan."

Baba mutum ne mai magana ɗaya. Ya taɓa cewa ba zai ƙara sayen taki a hannun wani mutum ba, har mutumin ya koma ga Allah bai ƙara ba. Kowa kuma ya san in makarantar ta bar gidanmu babu wanda zai sake karɓarta, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ya sa ya karɓa tun farko bai faɗa ba, amma mun sani. Innarmu na cikin ɗaliban. Da jikokinta a gefe ta fara daga baƙi da wasali, ta yi ta ja a hankali har ga shi bana tana cikin masu sauka. Al'adar kuwa ita ce ranar walima kowace mai sauka ta fito gaban taro da allonta mai zayyana ta karanta, mata su shaida. Matsalar muryar Inna ce. Tun da aka yi mata aikin maƙoƙo murya ta shige ciki, in tana magana a tsakar gida sai ka matso ka sunkuya.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma roƙona komai kai tsaye. Sai ta kalli ƙanwata, a gabana, tana tsintar wake, ta ce, "Ni dai in ba za a ji ba, a tsallake ni kawai. Kada in tsaya gaban mutane ina motsa baki kamar akuya na tuƙa."

Na san da ni take. Na kuma san ba tsallakewar take so ba, don na sha ganinta da allon nan a bayan ɗaki tana maimaitawa ita kaɗai. Nan na tsinci kaina gaba kura baya siyaki: in murya ta yi ƙasa Inna ta kunyata, in ta yi sama makaranta ta tashi.

Shagon farko da na shiga na wani Ibo ne kusa da tasha a Daura, mai sayar da kayan wuta da kayan gyaran babur. Ya daɗe a garin, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ajina. Da na ce lasifika nake nema ta taro a fili, sai ya jawo wata ƙatuwa mai taya da mariƙi irin na akwatin matafiya, ya murɗa ta har ƙarshe. Kwalayen da ke kan kanta suka ɗauki rawa, ni ma na toshe kunne.

"Hajiya, wannan in kin kunna a Sandamu, Baure za su amsa," ya ce yana murmushi.

"To ita ce ba na so. Wadda ba a ji nake nema."

Ya kashe ta ya dube ni da kyau, ya ga ba wasa nake ba. "Tun da na buɗe shago ban taɓa jin wannan ba. Kowa mai ƙara yake tambaya."

Na yi masa bayani sama-sama. Ya gyaɗa kai, ya shiga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina samo wa kowacce aibi, don mai tsoro ba ya rasa dalili. Akwai ta hannu irin ta masu tallar maganin gargajiya, kuɗinta da sauƙi, amma tana mayar da murya kamar daga cikin gwangwani, kuma tana harba ta can nesa. Ga shi tana da wani maɓalli na jiniya dab da inda ake riƙewa. Na hango Inna hannu na rawa ta danna shi ana tsakar karatu, na ce a mayar da ita. Akwai 'yar ƙarama da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda ko ajina ba za ta cika ba. Akwai irin ta masallaci da injinta da batirin mota, wato ainihin wadda ta kori makarantar daga gidan farko. Mai tayar kuwa, ko da ina so, abin da ke cikin ledata ko rabinta bai kai ba.

Ranar Lahadi maigidana ya goya ni a babur muka tafi kasuwar Mai'adua, don an ce kayan da ke shigowa ta iyaka sun fi araha. Araha kam akwai. Amma a cikin wannan hayaniya, ga kukan shanu ga masu talla, yaya za ka gane iyakar muryar abu? Kowane mai kaya murɗawa yake har ƙarshe yana kallon fuskarka. Na ga wata da ta kwanta mini, na tambaya ko zan iya maido ta in ba ta yi ba. Mai ita ya yi dariya ya ce mako mai zuwa ma bai san a wace kasuwa zai kwana ba. Na tuna kuɗin nan na matan da suka sayar da ƙuli-ƙuli da kaji ne, ba za a sake tara irinsu ba kafin walima. Muka dawo hannu rabbana, maigidana yana mita a kan man da ya ƙona.

Kwanakin nan ko abinci ba na jin daɗinsa. In na wuce masallaci sai na ɗaga kai ina kallon lasifika, in mai tallar magani ya wuce sai na tsaya ina auna inda muryarsa ke mutuwa. Wata malama da muke aiki tare ta ce ko dai aljanin sauti ne ya shafe ni.

Na koma wurin Ibon. Wannan karon ya shiga can ciki ya fito da wata matsakaiciya, girmanta bai wuce ƙaramar jarka ba, mai caji, da abin magana mai igiya. Ya ce mara igiyar ya fi burgewa amma yana cin batir, kuma wani lokaci yakan ɗauke ana tsakar magana. Na ce burgewa ba ta cikin lissafina. Muka daidaita a kan abin da ke ledar, har da ɗan canjin da zai isa caji.

"Ki je ki gwada," ya ce. "In ba ta yi ba ki maido, amma kada ki yaga kwali."

Ranar Asabar da hantsi na isa Sandamu da ita a ka cikin kwalinta. Babu karatu ranar, filin wayam, sai kaji. Na kifa turmi na ɗora ta a kai, na juya bakinta ta ba titi baya. Na ba ƙanwata abin magana na ce ta yi karatu ƙasa-ƙasa irin na Inna. Ni kuma na zura hijabi na zagaya waje na tsaya a gindin katanga ina saurare. In na ji murya sai in koma in rage, in sake fitowa. In ban ji ba sai in tafi ƙarshen filin ta ciki in ji ko tana kaiwa. Na yi ta safa da marwa har zufa ta jiƙa ni.

Baba na zaune a dakalin ƙofar gida da carbinsa, yana kallona ta wutsiyar ido.

"Ke, me kike nema a gindin katanga?"

"Ba komai, Baba. Gwaji muke."

"Uhm," ya ce, ya ci gaba da jan carbi.

A ƙarshe na samu daidai wurin da ake ji ko'ina a ciki, a waje kuma shiru. Na karɓi jan farcen ƙanwata na ɗiga a kan abin murɗawar, na ɗiga wani a jikin akwatin, yadda in ɗigo ya kalli ɗigo to an kai iyaka. Na gargaɗi kowa cewa wanda ya wuce jan nan ni da shi ne. Ranar na ci tuwo har da ƙari. Ban san tsugune ba ta ƙare ba.

Jajibirin walima na kai ta shagon mai cajin waya, don wutar garinmu baƙuwa ce, ba ta sanar da zuwa ba ta sallama in za ta tafi. Na zauna a benci ina gadinta har ta cika, kada wani ya ce bari ya ɗan gwada waƙa.

Washegari bayan la'asar aka fara. Mata suka yi ta kwararowa ta ƙofar baya, na gari da na ƙauyuka, da 'yan'uwan masu sauka daga Daura da Mai'adua, kowacce da goyo ko da jika a hannu. Tabarmi suka cika, aka shimfiɗa buhuna, wasu suka tsaya a jikin katanga. Maza kuwa, mazajen masu sauka da dattawan unguwa, an yi masu shimfiɗa a waje ƙarƙashin bishiya, a daidai gindin katangar da na yi gwaji. Baba na cikinsu, maigidana ma haka. Daga inda nake tsugune kusa da turmi ina jin gunjin hirarsu sama-sama.

Malama ta buɗe da addu'a. Muryarta mai ƙarfi ce, ta ratsa. Amma tun a nan na lura na baya suna miƙa wuya. Masu sauka biyu na farko matasa ne, suka yi karatunsu aka ji da ƙyar. Sai na gane kuskurena. A fili wayam na yi gwaji, ni da kaji. Yanzu ga jikin mutane, ga hijabai masu kauri, ga kukan jarirai da ƙarar mafici, duk sun shanye sautin kafin ya kai tsakiya.

Aka kira Inna. Ta miƙe a hankali cikin farin hijabin da muka ɗinka mata, allo a hannun hagu, Malama ta riƙe mata abin magana a baki. Ta yi bisimilla ta fara. Ni da ke kusa ina ji, sahu biyu na gaba ma suna ji. Daga nan kuma babu.

"Ba mu ji fa," wata ta ce daga baya.

"A ɗaga murya, Inna," in ji wata.

Surutu ya fara tashi, irin na mutanen da suka fid da rai da ji. Inna ta tsaya. Na ga ta ɗan kauda fuska daga abin maganar, tana neman hanyar komawa ta zauna. Ba ta dube ni ba. Ba ta taɓa dubana a gaban mutane ba, amma na san ta san inda nake tsugune.

Yatsuna na kan abin murɗawa, ɗigo na kallon ɗigo. Na tuna matan nan da babu inda za su in an tashe su, na tuna fuskar Baba a dakali. Tsoro nake ji sosai. Amma na kasa barin tsohuwar nan ta zauna. Na murɗa, jan ya wuce ɗan'uwansa, na ƙara murɗawa.

"Ci gaba, Inna," Malama ta ce a hankali, maganarta ta fito tar har ita kanta ta ɗan razana.

Inna ta sake bisimilla. Muryar ta cika filin, siririya, tana ɗan karkarwa, amma kowane harafi a wurinsa. Rabon da in ji ta haka tun ina yarinya, lokacin da take kiran awaki da yamma. Mata suka yi tsit, har masu goyo suka daina jijjiga. Sai kuma na ji wani shirun da ya fi wannan tayar mini da hankali. Gunjin hirar maza a bayan katanga ya ɗauke ɗif. Babu sauran tambaya, murya ta tsallaka.

Ta kai aya ta ƙarshe, mata suka ɗauki kabbara, wata tsohuwa ta fara guɗa aka yi maza aka rufe mata baki. Inna ta koma ta zauna tana goge ido da gefen hijabi. Na mayar da ɗigo kan ɗigo, kamar hakan zai dawo da abin da ya riga ya fita.

Da aka watse Malama ta ja ni gefe. "An ji a waje ko?"

"An ji, Malama. Ni na ƙara."

Ta dubi filin da tabarmin da ake naɗewa. "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Baba bai ce komai ba ranar. Na je yi masa sallama ya amsa a taƙaice, ya ce in gaida gida. A kan hanya na tambayi maigidana abin da ya faru a waje.

"Muna cin shinkafa muryar ta fito," ya ce. "Baba ya tsame hannu daga kwano ya sunkuyar da kai. Wani ya yi gyaran murya zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Har aka gama bai ɗago ba."

"Fushi ne?"

"Wa ya taɓa gane fuskar Baba?"

Makon nan na koyar ne kawai da baki, hankalina na Sandamu. Duk wayar da ta shigo sai in ɗauka ƙanwata ce za ta ce an kwashe tabarmi. Ita kuma in na kira sai ta ce Baba bai yi magana ba, amma an ga yana zagaya filin yana dafa katanga. Na ce shi ke nan, ƙofar bayan zai toshe.

Asabar na zagayowa na hau mota. Tun daga kan kwana na hango amalanken shanu ya juye jar ƙasa a bayan gidanmu, magina na kwaɓa ta da ƙafa. Na ƙarasa da sauri na leƙa. Ƙofar na nan a buɗe, tabarmi na jingine inda aka saba. Magina a kan katangar titi suke, suna ɗora mata sabon gini, har ta fi tsayin da na sani da kamu biyu.

Baba na tsaye daga ciki, hannu a baya, yana nuna masu inda ya karkace. Inna na zaune can bakin ƙofar shiga gida da farantin wake a cinya. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa tashi.

"Baba, ranar nan ni ce na ƙara muryar."

"Na sani," ya ce, bai dube ni ba. "Katangar ce ta gajarta. Ruwan bara ya zaftare mata kai, ni kuma ban gyara ba. Ba a kama mutum da laifin katanga."

Na miƙe ina kallon aikin, sai na lura ɓangaren da ya raba filin da shagonsa ba a taɓa shi ba, ko ƙasa ba a ajiye a gindinsa ba. Ta saman guntuwar katangar ana hango tagar shagon a buɗe, da buzunsa da aka matso da shi dab da ita.

"Baba, nan gefen fa? Ba za a ɗaga ba?"

"A bar nan," ya ce. "Nan ni kaɗai ke zama."

Na waiwaya wajen Inna. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuya tana ta tsintar waken da tuni ta gama tsincewa.